Watan da Ya Gudu Ya Bar Kaka

Tukunyar nan mai murfin ƙarfe da ake dafa nama cikin sauri, in ta ɗau zafi takan yi wani huci, fuuu, tururi ya yi sama. Na daɗe ina girki da ita, amma har yau in ta yi hucin nan sai hannuna ya tsaya. Haka kakata ta wajen uba take kwaikwayon numfashin wani babban kifi da ta taɓa gani a teku. Takan kumbura kumatu, ta ɗaga haɓa, ta hura iska sama, mu kuma mu bushe da dariya, don babu haƙoran da za su tare iskar.

A unguwar Ƙurban ta Madina na tashi, a wani tsohon gida mai ƙananan ɗakuna, ba nisa da masallacin Ƙuba. Baba direba ne, yana da ƙaramar farar bas da yake kai alhazai ziyara. A Madina aka haife shi, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Kaka kuwa da ƙafarta ta zo. Ita da kakanmu sun taso daga wani ƙauye a ƙasar Kano, suna tafe suna tsayawa neman guzuri, noma a nan, wankau a can, har ta haifi ɗanta na fari a hanya, a ƙasar Sudan. Kakanmu ban san shi ba. Baba ma bai gama wayo ba mahaifin nasa ya rasu.

Ni nake zama ɗakinta, ni ce kuma 'yar jagorarta tun da yanar ido ta fara rufe mata gani. Saboda haka na ji labarin kifin nan har ya gundure ni, ba zan ɓoye maka ba. Yayyena wurin hucin kawai suke jira, su yi dariyarsu su watse. Ni da ba ni da wurin gudu, ni na ji ragowar.

A Sawakin, bakin tekun Sudan, suka yi sallar azumi. Cikin watan Shawwal suka shiga wani jirgin katako, an cunkusa su, babu inda mutum zai miƙe ƙafa. Ta ce zafi ake yi irin wanda ke hana mutum magana, iska ta ɗauke, ruwa ya kwanta shiru. Yaron yana bayanta da zazzaɓi tun a tudu. A tsakiyar ruwa ya cika. Masu jirgin suka ce da wannan zafi ba za a iya ajiye shi har a kai gaɓa ba. Aka naɗe shi da mayafinta, aka yi masa salla, aka sake shi a ruwa. Ba a jima ba sai ruwan ya dare a gefen jirgi, wani baƙin baya ya taso, tsawonsa ya kai jirgin, ya yi huci sama. Mutane suka ruɗe da salati. Ita ba ta ji tsoro ba. Ta ce ya daɗe yana bin gefen da take zaune, ya nutse ya taso, ya nutse ya taso.

"Kowa a jirgin ya kau da kai daga gare ni don tausayi," in ji ta. "Shi kaɗai ya raka ni."

Ban taɓa jin ta kama sunan yaron ba. Ɗan fari ne, matan zamaninsu kuwa ba sa faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. "Yaron nan" kawai take cewa, sai ka ɗauka yana wasa a ƙofar gida.

Ranar Juma'a nakan riƙe hannunta mu tsaya a bayan katangar maƙabartar Baƙi'a, inda mata ke tsayawa, ta yi wa kakanmu sallama ta tsakanin ƙarafa. In mun juyo sai ta ce, "Shi wannan na san inda yake." Ba ta ƙarasa maganar, ni ma ba na tambaya. Sai da na ƙara girma na gane cewa a garin da kowa ke da ƙasar da ta rufe nasa, ita tana da ɗa wanda ba shi da ko tudu, kuma abin da kawai ya shaida inda aka ajiye shi kifi ne.

Wani maƙwabcinmu mutumin Cadi, mai tuƙa motar da ke kawo kifi a ƙanƙara daga bakin teku, shi ya tayar da zancen. Ya shigo gaishe ta, ta yi masa hucin nan, sai ya ce ai ya san abin, Larabawa hut suke ce masa. Akwai wani ɗan gari gaba da Yanbu inda masunta ke ganinsa, har mutane kan je takanas su kalla. Bai faɗi lokacin ba, babu kuma wanda ya tambaye shi. Me za a tambaya? Kaka na da watanta a hannu.

Daga ranar Baba bai ƙara hutawa ba. Ya ce mata garin nan na da nisa da inda suka ƙetare, ta ce ruwan ai ɗaya ne. Duk azumi sai ta tuna masa, shi kuma ya ce inshallah. Inshallah ɗin Baba iri biyu ce, duk gidan mun sani: akwai wadda yake faɗa yana kallonka, akwai wadda yake faɗa yana neman makullin mota. Kaka ta sha ta biyun shekara da shekaru. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya kwashe azumi yana jigilar masu umara, idanu jajur, baya a ƙage, in salla ta wuce ba abin da yake so sai katifa.

Shekarar da idonta na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama kuma ya koma ganin haske da inuwa kawai, azumi ya zo ya wuce ba ta ce uffan ba. Shirun nan ne ya tayar da Baba. Bayan salla da 'yan kwanaki ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Inna, yalla, gobe sai teku."

Sanyi ake yi a shekarar, irin sanyin Madina mai shiga ƙashi. Umma ta dafa shinkafa da kaza, ta cika fulas da shayi, ta ce ita kam ba ta da abin da ta ajiye a teku. Kaka ta fito da zanenta na ƙasan akwati mai ƙamshin turaren wuta. Na lura ta ƙulle wani abu a bakin mayafinta, na ɗauka goro ne.

Tafiyar ta yi tsawo. Duwatsu baƙaƙe, sai wasu duwatsun, sai Badar, sai fili fetal. Yayyena suka yi faɗa a kan kujerar taga har suka gaji suka yi barci. Na'urar ɗumama motar ta lalace, na lulluɓe ƙafafun Kaka da bargo. Kowane lokaci kaɗan sai ta taɓa ni ta ce, "Ƙawata, an fara ganin ruwa?" In ce ba a fara ba. Baba kuwa sai hamma yake yi duk hanyar.

Garin ɗan mitsitsi ne: titi ɗaya, masallaci, rumfar sayar da kifi, sai kyanwoyi da ƙarnin da ya riga mu isa cikin mota. Iska na kaɗawa da ƙarfi, ruwan ya yi duhu yana tumbatsa, jiragen kamun kifi duk an jawo su kan yashi. Muka sami wani dattijo a jikin bango yana shan hantsi. Baba ya yi masa sallama, ya faɗi abin da ya kawo mu. Da Larabci suke magana, Baba na juya wa Kaka.

"Hut? Yanzu?" Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce sai zafi ya shigo, ƙananan kifaye sun taru, sannan yake biyo su. Da wannan iska ko su ba sa yin nisa.

"Gaya masa a Shawwal na gan shi," in ji Kaka. "Da idanuna, lokacin ina da su. Yau ba Shawwal ba ne?"

Baba ya gaya masa. Dattijon ya tambaya a hankali, cikin ladabi, "Ya Hajja, ranar da kika gan shi, zafi ake yi ko sanyi?"

Ba sai an juya mata ba, ta ji. Ga ta nan tsaye cikin bargo, haɓarta na rawa don sanyi.

Baba ya dafe goshi. Ka ga, babu wanda bai san wata na zagayawa ba. Shi kansa yakan ba mu labarin azumin da suka yi da ƙuruciya cikin zafin da ke fasa leɓe. Amma mu mutane ne da komai namu da wata ake auna shi: makaranta, hutu, hayar gida, zuwan alhazai da tafiyarsu. Kaka ta ce Shawwal, muka ce Shawwal. Ko sau ɗaya babu wanda ya tsaya ya haɗa zafin da ke cikin labarinta da sanyin da ke jikinmu. Ni da na ji labarin fiye da kowa, ni ma ban haɗa ba. Shi kifi ruwa yake ji a jikinsa, ba ya duban sama.

Na ɗauka za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Sai ta ce, "To. A kai ni bakin ruwan."

Na riƙe ta muka gangara. Ta tuɓe takalmi, ta shiga har ruwa ya rufe idon sawunta, ni kuma sanyin ya sa na ciji leɓe.

"Ƙawata, me kike gani?"

"Ruwa, Kaka."

"Duba da kyau. Can nesa."

Na duba. Allah ya sani na duba, har iska ta cika min ido da hawaye. Kowace igiyar ruwa da ta taso baƙa sai gabana ya faɗi, sai kuma ta fashe ta zama kumfa. Na ce mata ruwa ne kawai da fararen tsuntsaye. Ta gyaɗa kai.

Sai ta laluba bakin mayafinta ta kwance ƙullin. Ba goro ba ne. Ƙasa ce, cikin tafin hannu, daga tsakar gidanmu, gindin dabinon da take zama. Ta ce, "Ba a zuba masa ƙasa ba." Ta watsa ta da iya ƙarfinta. Iska ta maido mana da rabi a jiki.

Baba yana tsaye baya yana waige-waige, kada wani ya gani ya zo yana yi mana wa'azi. Can sai na ga ya cire takalmi, ya tattare rigarsa, ya shigo ruwan ya tsaya gefenta. Da ya buɗe baki, da Hausa zalla ya yi, abin da ban saba ji ba.

"Inna, yaya sunansa? In yi masa addu'a."

Ta juyar da fuska gefe, kamar yarinya. "Kai ma dai. Ka taɓa ji na kama sunansa? Yi addu'arka, wanda kake roƙo ya san shi."

Muka ci shinkafar Umma a cikin mota, ta yi sanyi, yashi na ƙaras-ƙaras a haƙori. Yayyena na ƙunƙuni an kawo su kallon ruwa. A hanyar dawowa kowa ya yi laƙwas. Mun wuce Badar ke nan, ina tsammanin barci take, sai na ji ta ce, ba da kowa ba, "Ashe shi ma watan tafiya yake yi. Ni ce na tsaya."

Baba ya dube ta ta madubi ya ce zafi na shigowa za mu dawo, inshallah. Irin ta farko ce, na ga idonsa. Amma kafin zafi alhazai suka cika gari, ya koma fita tun asuba. Suna gama watsewa, zafin na fara cizo, Kaka ta kwanta. Ba ta daɗe ba. Tana Baƙi'a yanzu, na san inda take.

Shekaru suka ja, Shawwal ya zagayo ya sake faɗowa cikin zafi, kamar yadda yake ranar da ta ƙetaro. Na lura, na kuma faɗa wa Baba. Lokacin gwiwoyi sun riga sun zaunar da shi, ni kuma ga goyo ga aiki. Na ce masa za mu je, inshallah, ina neman makullin gida. Shi ma yanzu babu shi. Tsohon gidanmu an rushe, an yi bene mai hawa da yawa a wurin, dabinon ma ban san ranar da aka sare shi ba.

Kwanakin baya ina kicin, ɗana ya shigo da waya yana nuna min wani bidiyo. Garin nan na bakin teku ne, an gyara shi, har da jirage masu rumfa da ke ɗaukar 'yan kallo. Ruwa ya dare, baƙin baya ya taso, ya yi huci sama. Daidai yadda take yi, har ɗaga haɓar. Na zauna a kan kujera. Na ce masa yana da kaka a cikin ruwan nan, wan kakansa, tun yana jariri aka ajiye shi a can. Hausa na yi masa, ya amsa da Larabci kamar kullum. Ya tambaye ni sunansa.

Na buɗe baki, na laluba ko'ina, babu. Ta tafi da shi.

"Yaron nan," na ce masa.

Ya tsaya yana jiran ragowar. Tukunya ta yi huci a bayana, na tashi na rage wuta.