Kwanon Da 'Yan Haya Suka Bari

Dattijuwar na tsaye a ƙofar ɗakin da 'yan hayarta suka tashi, ta yi ɗamara da mayafi, tsintsiya a hannunta. Hayaƙin gawayi ya mayar da bango baƙi ƙirin. Sun kwance kan famfo, ko ƙwan fitila ba su bari ba. Daga ganin kaushin hannunta, da guminta ta gina gidan nan, ba gado ta ci ba.

"Inna, sai haƙuri," in ji mai fentin da ta kira ya gyara ɗakin.

"Haƙurin me?" Ta jawo wani kwano daga banɗaki, ta dire a gabansa. "A cikinsa na kai musu abinci ranar da suka tare. Shi suka mayar fo ɗin kashin yaro!"