Gonar Baba Bulus da Gidan Makoki

Na daɗe ina dillancin gidaje a Kafanchan, amma ranar da Baba Bulus ya ƙi biyan kuɗin gida alhali kuɗin na hannunsa, ba ta taɓa fita raina ba.

Manomin citta ne daga Fadan Kaje. 'Yarsa Rifkatu ma'aikaciyar jinya ce, ita da miji da yara a ciki da falo na haya. Lokacin gida ya yi wuya a gari, ka gan shi da safe, kafin yamma an saye. Baba ya sayar da gonar da ya gada don ya cika mata kuɗi. Na samo musu gidan wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Malam Ishaya, aka yi ciniki ya sallama. Sai dai a sana'armu sallamawa ba saye ba ce, sai an ba da kafin alƙalami.

Ana gobe za a biya, matar Malam Ishaya ta rasu.

Na ce, "Baba, mu tura wani abu yau. Akwai mutumin Abuja da ya matsa."

Ya ce, "Ɗana, mutum yana kuka, in kai mashi maganan gida? Sai an yi biso, an binne ta. Ishaya dattijon ikilisiya ne, ya ba ni magana."

Rifkatu ta ce, "Baba, alat ɗin banki ne kawai, ba sai mun je ba."

"Alat ba shi da kunya. Ni ina da kunya."

Biso kuwa a wajenmu cin kuɗi gare shi: akwati, rumfa, abincin jama'a. 'Ya'yan mamaciyar suka karɓi kuɗin mutumin Abuja ta hannun wani dillali. Baba ya je bison da gudummawar akuya, ya zauna a rumfar, bai san da kuɗin gidan aka kafa ta ba.

Na kai masa labarin an sayar da gidan. Ya ce, "To, sun yi mata biso mai kyau."

Kafin mu sami wani gidan, farashi ya gudu ya bar kuɗinsa. Rifkatu tana haya har yau, Baba kuma yana noman aro.

Abin yana ci mini rai. Kasuwar gida ba ta jiran mai kara. Yanzu duk uban da ya zo mini, nakan ce ya biya ko gawa na kwance. Suna biya, suna samun gida, ni kuma ban taɓa faɗa musu haka ba sai na sunkuyar da kai.