Asma'u maginiya da cin yumɓu

Asma'u ta gaji ginin tukwane wurin kakarta a Gangara, kuma ranar kasuwa randunanta ke fara ƙarewa. Abin da ba wanda ya sani, yumɓun da take gini da shi, tana cin sa.

Da cikin ɗanta na uku ta fara, ɗan gutsure don tashin zuciya. Aka haihu, aka yaye, kwaɗayin bai tafi ba. Sai ta zuba wa mijinta Labo da yara tuwo, ta ce ta ƙoshi, ta zagaya bayan rumbu da busasshen yumɓu ƙulle a haɓar zane. Sau nawa ta rantse da asuba ta daina, amma ba ta kai la'asar.

Shekara biyu ana haka. Ta rame, jiri ya dame ta, cikinta ya ɗaure. Labo ya ce sammu ne, zai nemo rubutu. Ta bar shi a kan haka.

Wata rana suna gashin tukwane da maƙwabciyarta Kadi, duhu ya rufe mata ido, ta faɗi dab da wuta. Zanenta ya kama, Kadi ta janye ta tana kashewa da tafin hannu.

"Asma'u, mi ke damun ki? Yau da kin ƙone!"

"Yaya Kadi, ƙasa nike ci," ta ce. "Na kasa bari."

Washegari suka hau mota zuwa gidan likita a Gazawa. A layi, sau biyu Asma'u na miƙewa za ta gudu, Kadi na riƙe mata hannu. Da suka shiga, Kadi ta faɗi abin da ya kawo su, malamar asibitin ta duba cikin idon Asma'u.

"Tun yaushe?"

Asma'u ta sunkuyar da kai, tana jiran dariya ko faɗa.

Malamar ta ce, "Ba ke kaɗai ba ce. Ciwo ne, kuma jininki ya yi ƙasa ƙwarai. Ki faɗa mini gaskiya, nawa kike ci a yini?"

Ta faɗa. Aka ba ta maganin ƙarin jini, aka ce ta riƙa dawowa duk wata.

Da ta gaya wa Labo, ya ce, "Daga yau tare za mu riƙa cin tuwo."

A watan farko ta koma cin yumɓun sau huɗu, kuma duk ta faɗa wa malamar. Yanzu a tsakar gidan Kadi take gini, cikin mutane, inda ba damar ci a ɓoye.