Ni da Buba a hannun Adda

Waɗanda suka ce na daina rubutu don na rasa abin faɗa, ku yi haƙuri, hannun ne ya ƙi.

Ina alwala buta ta suɓuce mini, baki ya karkace. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jinin da nake wa kallon raini ya rama. Hoton ƙwaƙwalwa, ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Sai da muka sayar da saniya.

A kan gadon, mutuwa ba ta ba ni tsoro kamar Buba ba. Ɗana ne, shekarunsa sha shida, an haife shi da jinkirin fahimta. Shekaru muka yi ni da uwarsa muna koya masa wanka, wanki, da tsallaka titi zuwa shago. Idan na tafi, da wannan kaɗai zai rayu.

Uwarsa na jinyata, sai yayata Adda Dudu ta taso daga Sunkani ta riƙe gida. Allah ya saka mata. Amma da aka sallame ni, na tarar da Buba zaune ya miƙa ƙafa, ana sa masa takalmi. An kulle ƙofa, wai kada ya ɓata a Barade, unguwar da aka haife shi.

Na yi faɗa da rabin baki. Ta ce, "Ardo, yaron nan amana ne. Kai ma buɗe bakin." Ta ɗura mini kunu.

Nan na ɗanɗana abin. A tambayi lafiyata, wani ya amsa. In kai hannu ga maɓallin riga, an riga ni. Mai yi mini gashin ƙashi a asibiti ta gargaɗi mutanen gida: duk abin da suka yi mini, hannun ba zai koya ba. Na ce ta maimaita da Fulatanci, don Adda ta ji da kyau.

Yanzu ina takawa. Buba ya koma wankansa, amma titi sai mun sake daga farko.

Jiya ya nufi wurin aski shi kaɗai. Adda ta yafa mayafi za ta bi shi, na tare ƙofa da sanda. Aikin kirki na farko ke nan da hannun ya yi.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a. Ku riƙa auna jininku. Mai irin ɗana kuma, ya nuna wa dangi abin da yaron ya iya tun yana da bakin magana. Ba a kan gado ake wannan gardamar ba.