Mutumin da Ya Kai Ciyawar Fili Gidansa

Rana ba ta gama fitowa ba Baban Fili yake tura ƙofar filin ƙwallo da kafaɗa, don ƙofar ta daɗe da daina jin hannu. Abin da yake fara yi shi ne cire takalmi. A cewarsa ciyawa ba ta faɗa wa takalmi gaskiya, sai da tafin ƙafa ake sanin inda take jin ƙishirwa. Haka zai taka daga wannan raga zuwa waccan a sunkuye, yana cike ramukan da 'yan wasa suka bari jiya, yana ƙunƙuni kamar mai lallashin jika. Masu shara sun rantse sun sha jin yana ba ta haƙuri, musamman a bakin raga inda gola ke tumurmusa ta. Daga nan sai tiyo, sai injin yanka, sai bokitin farin fenti na jan layi. Shekarun da ya yi a haka sun isa a haifi yaro, ya girma, ya buga wa ƙungiyar, ya ajiye takalmi.

Wanda bai san harkar ƙwallo ba yana zaton faɗowa daga babban rukuni kunya ce ta yini ɗaya. Ina! Ranar da ƙungiya ta faɗo, kuɗin talabijin ya tsaya, masu manna sunan kamfaninsu a ƙirjin riga su sulale, 'yan kallo su ragu, amma albashin da aka yi wa 'yan wasa alkawari yana nan baki buɗe. Sai a sayar da masu tsada, sannan a waiwayo kan waɗanda ba a taɓa ganin hotonsu a jarida ba.

Shekarar da ƙungiyar garin ta faɗo, shugabanta ya kira Baban Fili ofis. Yana magana yana kallon tebur. Ya ce albashi zai koma rabi, injin jawo ruwa da ya lalace kuma ba ranar gyara shi. Dattijon bai ce komai a kan albashin ba. Ya murza hularsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ji. Ita ciyawar fa, wa zai gaya mata?"

Fili ya fara ja, ya koma fari, ya zama ƙura. Kafin ciyawar ta ƙarasa mutuwa sai Baban Fili ya shiga yanko 'yan wuraren da ke da sauran rai a kusurwoyi, da saiwarsu da ƙasarsu, yana lodawa a baro yana turawa gida. Ya dasa a tsofaffin bahuna, a cikin tayoyi, har a cikin wata matacciyar firji da ya kwantar a tsakar gida. Matarsa ta fito ta riƙe ƙugu.

"Malam, maza suna shigowa da cefane, kai kana shigo mana da abincin awaki?"

Ya ce baƙuwa ce, ta yi haƙuri, ba za ta daɗe ba. Baƙuwa kuwa ta shekara, ta sake shekara. Ruwan ɗaurayar wanki da na wanke-wanke duk nata ne. Akwai wata akuya da matar take ji da ita, wadda ta tsinke igiya wata rana ta aske baho guda tas. Dattijon bai yi faɗa ba, amma ya kasa cin abinci. Washegari matar ta ja akuyarta ta kai wa ƙanwarta riƙo, ta dawo tana mita cewa ba ta taɓa jin gidan da ciyawa ta kori dabba ba sai nata.

Da gidan ya cika, sai ya fara bin maƙwabta. Ya dasa a bayan garejin wani makanike inda ake wanke motoci, ya dasa a gindin famfon makaranta, duk inda ruwa ke ɗiga a banza sai ya kai masa ciyawa. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa shi. Makaniken kam ya ce shi bai damu ba, tunda ba ta shan mai.

A kan ƙasa tsirara ƙungiyar ta yi ta wasa da samari masu arha, gwiwoyinsu duk tabo, har Allah ya sa suka sake hayewa babban rukuni. Murna ba ta kai ko'ina ba sai hukumar gasa ta aiko cewa ba a buga babban rukuni a kan ƙura. In mai dubawa ya zo bai ga kore ba, wasannin gida za su koma wani gari. Kowa ya san ma'anar wannan. Kuɗin ƙofa shi ne albashin yaran, in ya tafi su ma sun tafi, ƙungiya ta sake faɗowa, wataƙila ba tashi. Abin da ke hannun shugaba kuwa bai wuce na gyaran injin ruwa ba, sayen sabuwar ciyawa sai dai a mafarki.

Baban Fili ya ce a gyara injin, a ba shi aron motar ƙungiya. Mutane suka fito bakin titi suna kallon bahuna da tayoyi da firji suna tafiya fili. Makanike ya kawo tasa a bayan akori-kura, malaman makaranta suka kawo tasu a buhuna. 'Yan wasa da koci suka durƙusa suna dasawa tsinke-tsinke, dattijo yana bin su yana gyara musu tazara, don irin mai yaɗo ce, in ta samu ruwa da kanta take neman 'yar'uwarta. Gola yana ta ƙorafin bayansa, aka ce masa ai kai ka fi kowa cin amanarta.

Ranar da mai dubawa ya zo, fili ya rufe, sai wani faƙo a bakin raga ɗaya da ya ƙi. Nan kuwa mutumin ya tsaya, ya nuna da alƙalami. Baban Fili ya cire hula ya sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, dubi tsakiyar kaina. Haka yake tun tuni, kuma ba a hana ni aiki ba. Ita tata ma za ta fito, nawa ne ba zai fito ba."

Mai dubawa ya yi ƙoƙarin haɗe rai, dariya ta ci ƙarfinsa. Ya zagaya filin ya dawo, ya ce a rufe faƙon kafin wasan farko, ƙungiya ta yi wasa a gida.

Baba, kai ne ka riƙe wa garin nan ƙungiyarsa a cikin bahon wanki, da rabin albashi. Kai ne uban kore, wanda ba a taɓa rera sunansa a filin da ya raya ba. Sabon ɗan wasan gaba da aka sayo yana karɓar abin da kai ba ka taɓa riƙewa ba, ba ka taɓa cewa uffan ba, illa ka roƙe shi ya riƙa ɗaga ƙafa kada ya tumurmushe ciyawa. Yanzu gwiwa ta ce ya isa, ka miƙa tiyo ga na baya. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya saka wa baiwar Allahn da ta haƙura da tsakar gidanta.

Masu riƙe da ƙungiyoyi, in rana ta ɓaci za a rage albashi, ku daina farawa daga ƙasa, can ne ake samun irin wannan mutum. Mu kuma sauran, kowa da ɗan abin da aka ba shi amana, ya riƙe shi ko bayan an daina tambayarsa. A wasan gida mai zuwa za ku sami Baban Fili a layin kujeru na ƙasa, ku je ku gaishe shi. In an ci ƙwallo kuka ga kowa ya miƙe shi yana zaune ya dafe kai, kada ku zaci baƙin ciki yake. Yaron da ya ci ne ya zame da gwiwa yana murna, ya ɗaye masa ciyawa.