Mawaƙi da Yaransa

Ni na kafa ƙungiyar kiɗanmu, kuma ba na gajiya da faɗar haka. A zauren gidanmu na unguwar New Bell a Douala aka fara, ni da kalanguna da wani ƙanena, ɗan baffana, wanda na girma nesa ba kusa ba. Lokacin da na jawo shi murya kawai gare shi. Bai san inda ake shiga waƙa ba, bai san inda ake fita ba, sai na taka masa ƙafa yake ganewa. Daga baya muka samu mai piyano da 'yan amshi biyu, muka riƙa zuwa bukukuwa daga unguwarmu har Grand Hangar, can hayin gada.

Wata ƙungiya ta Bonabéri, a hayin gadar, ita ce ta fara yin shafin intanet. Kiɗansu bai kama ƙafar namu ba, amma kana buɗe waya sai ka gan su fes cikin shadda, abin ya tsaya mana a rai. Shafin nasu kuwa azaba ne: jan rubutu a kan kore, haruffa ƙanana kamar tururuwa, sai yatsanka ya gaji kafin ka gano lambar da za ka kira. Muka ce namu sai ya fi nasu.

Muka kai aikin wurin wani mutumin Maroua mai shagon buga katin aure kusa da masallaci. Hausarsa ta kasuwa ce, rabinta Faransanci, amma yana da ido. Ya jera mu a jikin wani farin bango ya ɗauki hoto, ƙanena a tsakiya, ni a can gefe don mai kalangu yana bukatar fili. Ranar da ya kira mu mu gani, a babbar kwamfutarsa ya nuna mana. Wallahi ya yi kyau. Launi biyu kacal, shuɗi da fari. Hotonmu ya cika allo, kowa ya fito. Ƙasa da shi wurin dannawa biyu manya, ɗaya na sauraro, ɗaya na kira. Ya danna na sauraron, sai ga kalanguna ya fara magana shi kaɗai kafin murya ta shigo. Na fito shagon ina jin kaina a sama.

Da na isa gida na miƙa wa matata waya, na ce ta buɗe ta ga mijinta. Ta duba, ta ja sama, ta ja ƙasa, ta ce, “Malam, a ina kake?”

Na karɓe wayar. Allon waya siriri ne, sai shafin ya datse hoton ta gefe da gefe, ya bar ƙanena shi kaɗai yana murmushi, ya buɗe hannuwa. Nawa rabon gwiwar hannu ce da bakin kalangu. A sama kuma ga wani rubutu da ban kula da shi ba a shago saboda ina ta kallon fuskata: sunansa da manyan haruffa, sannan a ƙasa, “da yaransa”.

Matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “To yaro, a kawo maka tuwonka ko sai maigidanka ya ci?” Ban ci tuwon ba.

Washegari na hau bensikin, wato acaba, cikin ruwan sama na koma shagon. Mutumin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Grand frère, ka yi haƙuri. Kowa a nan da waya yake duba site. Idan na matse mutum biyar a wannan allo, ba a ganin fuskar kowa. Fuska ɗaya, bouton biyu, c'est tout. Hajiya mai neman makaɗa ta gani ta danna da babban yatsa.” Na ce to rubutun fa? Ya ce a Faransanci ya sa “et son groupe”, wato “da ƙungiyarsa”, da ya zo Hausa ya tambayi mutanen masallaci, suka ce ai haka ake faɗi, mawaƙi da yaransa.

Abin da ya fi ƙona min rai, ba ƙarya suka yi ba. Haka ake faɗi. Ko mai furfura ne, in dai yana bayan mawaƙi yaronsa ne. Ni da bakina na sha kiran wasu haka. Ban taɓa jin nauyin kalmar ba sai da ta sauka a kaina.

Na yi wa ƙanena magana. Ya ce, “Haba Yaya, rubutu ne fa kawai. Wa bai san kai ne babba ba?” Ya sa aka ƙara wani shafi a ciki mai hoton kowa, amma sai ka danna wasu 'yan layuka uku a saman kusurwa kafin ka kai wurin. Ban san wanda ya taɓa danna su ba in ban da ni. Kalmar kuwa ta zauna daram, ya ce za a gyara, ana ta za a gyara.

Kuma shafin ya yi aiki, shi ne abin haushin. Na so a ce ya lalace, ko ya riƙa jinkirin buɗewa, in samu abin faɗi. Ina! Ko da ƙaramar waya nan take yake buɗewa. Kira ya riƙa shigowa daga mutanen da ba su taɓa taka New Bell ba, duk a wayar ƙanena. Ina zaune ina ɗaure tsarkiyar kalangu, ina jin sa yana cewa, “Ƙwarai, zan zo da yarana.” Kishi na ji, kishi tsagwaronsa, na yaron da na koya wa buɗe baki.

Wani biki ya kai mu unguwar PK 14, gidan wani Alhaji sabon zuwa Douala wanda a shafin ya same mu. Tun daga ƙofa ya rungume ƙanena kamar sun saba, ya zaunar da shi a kujera kusa da shi, ya nuna mana tabarma. Ƙanena dai ya ga fuskata. Ya tashi ya kamo hannuna, ya kai ni gaban mutumin.

“Alhaji, wannan yayana ne. Tare muka fara.”

Alhaji ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi furfurata, idonsa ya cika da tausayi. Ya dafa kafaɗar ƙanena ya ce, “Allah sarki. Ka kyauta da ka riƙe shi, ba kowa ke tuna 'yan uwa ba in Allah ya ɗaga shi.”

Na jira ƙanena ya ƙara ko da kalma ɗaya ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na gode, Alhaji.”