Zaren Inna Yalwa

A Getso na tashi, a hannun kakata, Inna Yalwa. Shekarun tsuke bakin aljihu ne. An rufe masaƙar da mahaifina ke aiki a Kano, ya tafi Sudan neman abin yi. Shi ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta kama dole, sai ta ce "wancan".

Bayan isha'i mukan zagaye murhu, tana kaɗi, muna gasa gyaɗa a toka. "Ku matsa mata, ga ta nan tafe," haka take buɗe tatsuniya.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wata mata ce ɗanta zai yi tafiya, ta kaɗa dogon zare ta ɗaura masa a yatsa. Wata tsohuwa ta ce mata zaren siriri ne, abu ɗaya zai iya kawowa: ko muryar yaron, ko fuskarsa, ko labarinsa. Matar ta zaɓi labari.

"Inna, in ni ne, fuska zan zaɓa," na ce.

"Ai kai dama ba kunya gare ka ba. Ɗan matar nan ɗan fari ne fa. Juya gyaɗarka, tana ƙonewa."

Na girma, Baba bai dawo ba. Bayan an ƙaddamar da Shari'a, wani shago a Kano ya jawo layin tarho mai ɗaukar murya da hoto da rubutu a waya guda. Na lallaɓa Inna muka hau mota a Gwarzo. A shagon an raba gefen mata da labule, can aka zaunar da ita, ni kuma na tsaya a bakin labulen. Fuskar Baba ta fito a kwamfuta, gemunsa ya yi fari.

"Inna, ina wuni?" ya ce.

Ta juya baya, ta ja mayafi. Sai na ga hannunta yana laluben bango har ya kama wayar. Ta riƙe ta da yatsu biyu, riƙon mai kaɗi.

"Ya rame?" ta tambaye ni a hankali.

"Kaɗan, Inna."

"To, a ce masa ya riƙa cin abinci."

Ta rasu kafin ya dawo, Allah Ya jiƙanta. Da ina yaro na ɗauka zaren ne ya gaza wa matar nan. Yanzu nakan yi tunanin ko iya abin da ƙirjinta zai ɗauka ta zaɓa.

Da Baba ya iso, bayan mun yi addu'a a makabarta, ya tambaye ni, "Ran nan ta kalle ni kuwa?"

Na ce, "A'a, Baba. Amma ba ta saki wayar ba sai da ka yi sallama."